Sana'ar Tufafi: Koyon Hannu da Koyon Awo

Matasa, ku matso kusa da rediyo, domin maganar yau taku ce. Teloli da ke kan keke a yanzu, ku ɗan sassauta ƙafa ku ba ni aron kunne.

Yau za mu yi magana ne a kan koyon sana'ar tufafi, tun daga auduga har zuwa rigar da ke wuyanka. Kaɗi, saƙa, rini, ɗinki. A cikin wannan koyo akwai abu biyu da nake so mu tsaya a kansu. Na farko, yadda ake fito da kayan da mutane za su so su saya. Na biyu, yadda ake tsara aiki domin kayan su riƙa fitowa iri ɗaya, yau da gobe da jibi. Za mu fara da ɗan tarihi, sannan mu shiga marina da shagon tela, daga ƙarshe mu duba inda ake koyo.

To bismillah, ga zango na farko.

Jama'a, sana'ar tufafi ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth ya sauka a Kano. Ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a Kano suna kaiwa har Tambutu, suna tsallaka Sahara har Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata tana nan har yau, kuma ana danganta kafuwarta da shekarar 1498. Garin Kura ya yi suna da turkuɗi, wannan baƙin yadi mai ƙyalli da Abzinawa ke naɗawa. Zariya ta yi suna da aikin allura a kan babbar riga, aska biyu da aska takwas.

Sai zamanin inji ya zo. A 1957, lokacin Sardauna, aka buɗe masaƙar Kaduna da ake kira KTL a Kakuri. Wasu suka biyo baya, irin su Arewa da UNTL, aka kuma kafa wasu a Kano da Funtuwa da Gusau. Dubban magidanta suka ci abinci a wurin. Amma KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe ƙofa a 2007. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna, raguwar noman auduga, da kayan waje masu araha, wasu ma ta hanyar fasa-ƙwauri. Yau ka shiga Kantin Kwari, kasuwar yadi da ake zuwa daga ƙasashe maƙwabta, ka duba atamfa da shadda da leshi. Mafi yawansu daga ƙetare aka kawo su.

Wuta da fasa-ƙwauri, wannan aikin hukuma ne, kuma ba za mu daina kira ba. Amma akwai abin da ke hannunmu, ni da kai. Shi ne yadda muke koyar da 'ya'yanmu wannan sana'a.

Wannan ya kawo mu zango na biyu. Me ya rage a koyonmu?

Mu leƙa marina. Tsohon marini zai zuba ruwa a rami, ya sa toka da katsi da baba, ya bar shi kwanaki yana motsawa da muciya. Da ya dubi kumfa, ya shaƙi ƙanshi, ya san rini ya nuna. Ya tsoma farin yadi, ya ɗago shi. Me za ka gani? Yadin zai fito kore-kore, sai ka ga yana rikiɗa a idonka yana komawa shuɗi. Dalili shi ne launin baba ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Sai toka da ruɓawar ganye sun sauya shi, sannan ya narke ya shiga cikin zare. Da iska ta buge shi, sai ya koma yadda yake, ya maƙale a ciki. Shi ya sa ake tsomawa a ɗaga, a tsoma a ɗaga, har launi ya yi duhu.

Wannan ilimi ne mai zurfi, kuma ina girmama masu shi. Amma ku lura da inda yake ajiye. Yana cikin idon tsoho da hancinsa da hannunsa. Yaro zai yi shekaru yana kallo kafin ya kama. In tsohon ya kwanta dama, Allah Ya jiƙan magabata, wani ɓangare na ilimin ya bi shi.

Sannan ga matsala ta biyu. Hajiya, ke da kike girki, kin san wannan. In tuwon gida ne na mutum biyar, da ido kike zuba gishiri kuma ya yi daidai. Amma ranar biki, tukunya goma, mutum ɗari uku, ido ba ya isa. Dole a kawo mudu a auna. Haka sana'ar tufafi take. Ido ya isa riga ɗaya. In an ce ka kawo ɗari biyu, launi ɗaya, girma ɗaya, ranar Alhamis, sai da awo.

Don haka ga kalmomi uku da nake so kowane mai koyo ya haddace. Auna. Rubuta. Gwada. Zan maimaita: auna, rubuta, gwada.

Ga yadda suke aiki a rinin zamani, wanda ake yi da garin kala a baho ko a ganga. Marinin da ya samu horo yakan fara ɗora yadin a sikeli. A ce ya samu kilo 1. In launin da yake so yana bukatar kala kashi 2 cikin 100 na nauyin yadi, to giram 20 zai auna. Ya auna ruwa, lita nawa. Ya auna soda da haidiro, wato magungunan nan biyu da ke narkar da kala ta shiga zare. Ya duba agogo, minti nawa yadin ya yi a ciki. Duk ya rubuta a littafi. Sannan ya yanki ɗan ƙyalle daga abin da ya rina, ya liƙa a gefen rubutun. Bayan wata shida, in mai kaya ta dawo ta ce, “Malam, irin wancan nake so, na anko ne,” ba sai ya tsaya tunani ba. Littafi zai buɗe.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama tashar, muna magana ne a kan koyon sana'ar tufafi. Yanzu za mu shiga zango na uku, kuma a nan zan ɗan daɗe: yadda ake fito da sabon kaya.

Mu ɗauki misalin da kowa ya sani. A ce wata makaranta a unguwarku tana son kayan makaranta, saiti 200. Shugabar makaranta ta kira tela. Telan da bai samu horo ba zai ce “an gama,” ya nufi kasuwa, ya sayo yadi, ya hau yanka. Telan da ya samu horo kuwa tambaya zai fara yi. Hajiya, yaran shekarunsu nawa? Sau nawa ake wanke kayan a mako? Da wane sabulu? Iyaye nawa za su iya biya? Tambaya ita ce matakin farko na fito da kaya. Kafin ka taɓa almakashi, ka san wa zai sa, a ina, kuma da nawa.

Bayan tambaya, sai gwajin yadi. Ku saurara da kyau, domin wannan gwaji kowa zai iya yinsa a gida.

Gwaji na farko, tsukewa. Yadin auduga yakan tsuke a wankin farko. Ka yanki yadi, ka zana layi mai tsawon santimita 50 da biro. Ka wanke, ka shanya, ka goge, ka sake aunawa. In ka ga ya koma 48, to ya tsuke da kashi 4 cikin 100. Ma'ana, wandon da ka ɗinka a tsawon santimita 100 zai koma 96 bayan wanki. Ka ga ke nan ko dai ka jiƙa yadin kafin yanka, ko ka ƙara a awo. Uwa nawa ce ta sayi kayan sallah, aka wanke sau ɗaya, wando ya ɗage sama da idon sawu? Laifin ba na yaro ba ne da ake cewa ya yi saurin girma. Gwaji ne ba a yi ba.

Gwaji na biyu, zuba. Ka samu farin ƙyalle, ka goga a kan yadin sau goma a bushe. Ka jiƙa wani, ka sake gogawa. In farin ya ɗauki launi sosai, wannan yadi zai ɓata farar singileti da hijabi. A nan bari in yi adalci. Turkuɗi yana barin shuni a jiki, kuma masu sa shi suna son haka, ado ne a wurinsu. Amma kayan makaranta ba turkuɗi ba ne. Kowane kaya da abin da mai sayensa ke nema.

Gwaji na uku, rana. Ka rufe rabin yadin da kwali, ka ajiye a rana kwanaki, sannan ka buɗe ka gwama. In ɓangaren da rana ta buga ya koɗe, ka san abin da zai faru kafin zangon karatu ya ƙare.

To, yadi ya ci jarrabawa. Sai a yi samfuri, wato guda ɗaya na gwaji da ake ɗinkawa kafin a shiga aikin gaba ɗaya. A sa wa yaro, ya ɗaga hannu, ya tsuguna, ya yi gudu. Hammata ta kama? Aljihu ya yi ƙasa? A gyara. In an amince, sai a zana kowane ɓangare na rigar a kan kwali mai kauri: gaba, baya, hannu, wuya. A yi na ƙanana, na matsakaita, na manya. Da wannan kwali, ko yaron shago ne ya yanka, zai fito daidai da na maigida.

Kwalin nan yana da wani amfani da mutane ba su cika lura da shi ba. Kafin a yanka, ana jera shi a kan yadi, ana juyawa, ana matsawa, har a rage ɓarna. A ce ka tsira da kwatan yadi a kowane saiti. A saiti 200, yadi 50 ke nan. Yadi 50, jama'a! Sau da yawa ribar aikin gaba ɗaya tana cikin tarkacen da ake sharewa da yamma.

Sai lissafin farashi. Da yawa daga masu sana'armu kuɗin yadi kawai suke ƙirgawa, su ɗora wani abu a kai. Ina zare? Ina maɓalli da zif? Ina man janareta, da kuɗin haya, da gawayin guga, da ladan yara? Ina lokacinka kai kanka? In ba ka rubuta su ba, za ka yi ta aiki dare da rana, aljihu kuma babu komai, ka rasa dalili. Auna, rubuta, gwada.

Kada masaƙa su ce na manta da su. Saƙarmu ta hannu tana fitowa ne ƙwarya-ƙwarya, siririya, a haɗa a yi gwado ko luru ko saƙi. Masu sayen waɗannan sun ragu, gaskiya ne. Amma wannan saƙa za ta iya zama jaka, rigar matashin kujera, labule, ko shimfiɗar tebur. Sai dai mai sayen labule yana son faɗin ƙwaryar farko ya yi daidai da na ta ashirin. Nan ma awo ne. A Zariya akwai mata masu aikin allura da suka ɗauko zanen babbar riga suka sa shi a rigunan mata da kayan ɗaki, kuma kayansu suna fita har ƙasashen waje. Hannun na gado ne, kayan ne sababbi.

Yanzu zango na huɗu: tsarin aiki.

Mu koma shagon nan mai saiti 200. A ce mutum biyar ne. In kowa zai ɗauki riga ya yi ta daga farko har ƙarshe, za a samu riga iri biyar. A tsarin da ake koyarwa, ana raba aikin. Wannan yanka. Wannan haɗa jiki. Wannan wuya da hannu. Wannan maɓalli. Wannan guga da dubawa.

Ga tambaya gare ku. Mai yanka yana yanka 40 a yini. Mai haɗa jiki yana yin 30. Mai wuya yana yin 15. Riga nawa shagon ke fitarwa a yini? Ku yi tunani. Amsa ita ce 15. Duk saurin mai yanka, kaya za su taru ne a gaban mai wuya. Don haka maigida mai horo ba zai tsaya yi wa kowa faɗa ba. Zai nemo inda aiki ke cushewa, ya ƙara mutum ko keke a wurin. Wannan darasi ɗaya ne a shago mai keke biyar da masaƙa mai inji ɗari biyar.

Kuma dubawa ba a bari sai ƙarshe. Kuskuren da aka kama a wurin yanka, yadi kaɗan ya ci. Wanda aka kama bayan guga, ya ci yadi da zare da yini guda.

Tsarin nan ma tun daga gona yake farawa. Manoman auduga na Funtuwa da Malumfashi da Gusau, wannan taku ce. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta daɗe tana fitar da irin auduga, domin tsawon silin auduga shi ke sa zare ya yi ƙarfi da laushi. Amma ko iri ya yi kyau, in aka zuba auduga a buhun leda, zaren buhun yakan tsinke ya shiga ciki. Ya wuce injin gurza, ya wuce injin kaɗi, ya shiga saƙa. Ranar rini sai asiri ya tonu, domin leda ba ta shan kalar auduga. Sai ka ga fararen layuka a jikin yadi, darajarsa ta faɗi. Maganin abu ne mai sauƙi: a tara auduga a buhun yadi ko a zane.

Akwai kuma maganar lafiya, kuma ina roƙonku kada ku ɗauke ta da wasa. Soda tana ƙona fata, tana iya makantar da ido. A sa safar hannu ta roba. A zuba soda cikin ruwa a hankali. Kada a zuba ruwa a kan soda, domin yana iya tafasa ya fantsama. A yi rini a fili inda iska ke wucewa. Ruwan da aka gama rini da shi, kada a kwarara shi kusa da rijiya ko inda yara ke wasa. Masu aiki cikin ƙurar auduga, ku rufe hanci, domin shekaru ana shaƙarta tana kawo ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi. Duk wurin koyon da bai koya wa yaro kare jikinsa ba, koyonsa da saura.

Zango na ƙarshe: ina ake koyo?

Hanya ta farko ita ce wadda muka gada, zama a gaban maigida. Kada kowa ya raina ta. Hausawa suka ce da koyo akan iya, kuma allura ba ta zama a hannu sai da daɗewa. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, ma tana tura matasa wurin masu sana'a su koya.

Hanya ta biyu, makaranta. Akwai kwalejojin fasaha na sakandare, inda ake rubuta jarrabawar NABTEB. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana koyar da fasahar saƙa, difloma ta shekara biyu, sannan babbar difloma. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da kimiyyar zare da yadi, da kuma zanen kayan masana'antu. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna, ita ke kula da manhajar irin waɗannan kwalejoji. Tana kuma da tsarin ba da shaidar ƙwarewa, inda ake duba abin da hannun mutum ya iya a wurin aikinsa, ko da a shago ya koya. Asusun ITF, da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Jos, shi ke tafiyar da shirin tura ɗalibai masana'antu su ga aiki da idonsu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku ma kuna da asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a.

Ra'ayina a nan a fili yake. Ɗalibin da ya san lissafin kala amma bai taɓa tsoma hannu a baho ba, rabin sana'a ya koya. Yaron shagon da hannunsa ya faɗa amma ba ya iya rubuta awo, shi ma rabi ya koya. A haɗa su. Malaman kwaleji su riƙa kai ɗalibai Ƙofar Mata da Kura, su zauna a gaban tsofaffi da ladabi, su tambaya, su rubuta. Iyayen gida kuma su bar yaransu su je ajin yamma su koyi karatu da lissafi. Awa biyun da yaro ya yi a aji, shagon ne zai ci amfaninta.

Kuma kada a bar mata a baya. Kaɗi tun asali aikin iyayenmu mata ne, da mazari da alli. Yau ɗinkin hula da aikin allura da rinin gida suna riƙe da gidaje da yawa. 'Yar da aka koya wa awo da lissafi, ɗan kasuwa ba zai karɓi aikinta na wata guda da kuɗin da bai kai ba.

Alhaji, Hajiya, in za ku kai ɗa ko 'ya wurin koyo, ku yi tambaya kafin ku biya. Keke nawa ne, ɗalibai nawa? Yaro zai hau keke da kansa, ko aike da shara zai yi ta yi? Ana koyar da awo da lissafin farashi? Ana koyar da gyaran keke in ya lalace? Wata nawa ne koyon, kuma me zai iya yi in ya gama? Ku nemi ganin aikin waɗanda aka yaye. Ku juya rigar ciki waje ku duba ɗinkin, domin a nan ake gane hannu.

Ku kuma masu sana'a, ga aikin wannan mako. Ku sayi ƙaramin littafi. Aikin farko da ya shigo gobe, ku rubuta yadi nawa ya ci, zare nawa, awa nawa, kuma nawa aka biya. Ku yanki ƙyalle ɗaya ku yi masa gwajin tsukewa da na zuba. Ku yi haka kwana bakwai, sannan ku zauna ku haɗa lissafin. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗora daga nan, mu duba yadda ake karanta wannan littafi a fitar da farashin da ba zai cuci mai saye ba, ba zai karya mai sana'a ba.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu.